Stone Cold ko The Rock: wa ya ɗauki zamanin Attitude a kansa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da abokina mun daɗe muna musu a kan resilin ɗin Amurka na ƙarshen shekarun 1990, wanda ake kira zamanin Attitude. Ni na ce The Rock ne ya riƙe zamanin, tunda ga shi har yau duniya ta san shi. Shi kuwa ya kafe a kan Stone Cold Steve Austin. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokinka ya fi ka gaskiya. Sai dai kana da wata hujja mai ƙarfi da ba ka kawo ba, zan kuma ba ka ita a gaba don ka koma ka ja da shi.

Wadda ka kawo ɗin dai ba ta zauna ba. Sanin da duniya ta yi wa The Rock a yau sanin Dwayne Johnson ne na fim, wanda ya zo bayan zamanin ya wuce. Akwai kuma wani abu da ke rikita mu a nan. Yawancinmu ba mu bi wasannin nan mako-mako ba. A kaset muka same su, daga baya a faifai da gidajen kallo, an tsinto manyan karawa an jera, ba ka sanin wadda ta riga wata. Wanda ya kalla haka zai ɗauka Austin da Rock tare suka taso. Ba tare suka taso ba, akwai tazarar kusan shekara biyu a tsakaninsu, kuma a cikin wannan tazarar aka yi aikin.

Ka fara da halin da kamfanin WWF na Vince McMahon yake ciki a 1996 da 1997. Kashi yake sha a hannun WCW, kamfanin attajirin talabijin Ted Turner da Eric Bischoff ke jagoranta. Tun Satumban 1995 WCW ta sa shirinta na Nitro a daren Litinin, daidai lokacin da ake nuna Raw na McMahon. A Yulin 1996 Hulk Hogan ya rikiɗe ya zama bos, ya haɗu da Kevin Nash da Scott Hall suka kafa ƙungiyar nWo, jama'a suka kwashe suka koma can. Makonni 83 a jere Nitro yana doke Raw a yawan masu kallo. WrestleMania 13, babban wasan shekara na WWF, a Maris na 1997, gidajen da suka biya kuɗi suka kalla ba su kai 250,000 ba. Kuɗin da kamfanin ya samu a shekarar kasuwancin da ta ƙare a Afrilun 1997 bai wuce dala miliyan 82 ba, kuma da asara aka rufe ta. Abin ya kai McMahon ya gaya wa Bret Hart, babban tauraronsa, cewa ba zai iya cika kwantiragin shekara 20 da suka sa wa hannu ba. To wa ya fitar da su daga wannan rami? Amsar wannan ita ce amsar musunku.

Austin bai shigo a matsayin wanda ake sa wa rai ba. WCW ta kore shi a 1995, ta waya, yana jinyar rauni. Ya ɗan tsaya a ƙaramin kamfanin resilin na ECW wajen Paul Heyman, sannan WWF ta ɗauke shi ta ba shi suna Ringmaster, ta haɗa shi da Ted DiBiase ya riƙa yi masa magana, kamar mutumin ba shi da baki. Gasar King of the Ring ta Yunin 1996 ma ba shi aka tanadar wa ba. Triple H aka shirya zai ci, sai aka hukunta shi saboda rungumar bankwana da suka yi da Nash da Hall a gaban jama'a a Madison Square Garden, alhali a labarin wasa abokan gaba ne. Sai rabon ya faɗo kan Austin. Ya doke Jake Roberts, wanda a lokacin yake fitowa a matsayin mai wa'azi, ya karɓi makirfo ya yi masa ba'a da ayar da yake yawan ja, ya ce ga tasa ayar, Austin 3:16. Baƙar rigar da aka buga da wannan rubutu ta shiga sahun kayan da suka fi ciniki a tarihin sana'ar.

Amma daren da ya zama Austin na gaske shi ne na WrestleMania 13 ɗin nan da ba a saya ba, a Chicago. Ya shiga a matsayin bos, Bret Hart a matsayin akta, sharaɗin wasa kuwa sai wani ya ce ya sallama. Ken Shamrock ne alƙali. Hart ya fasa masa goshi, ya murɗe masa ƙafafu da kamun Sharpshooter ya zauna a bayansa. Kyamara ta matso kan fuskar Austin: ya dafa ƙasa da hannu biyu yana yunƙurin ɗagowa, jini na gangarowa ta goshi yana bi ta tsakanin haƙoransa yana ɗiga, yana ihu, ya ƙi furta kalmar. Haka ya suma. Shamrock ya tsayar da wasa, Hart ya ci gaba da dukan wanda ba ya motsi, jama'a suka juya masa baya nan take. Da Austin ya farfaɗo, wani alƙali ya zo taimakonsa, ya buga masa Stunner, salon da yake kayar da abokan karawa da shi, ya fita da ƙafarsa yana ɗingishi, filin na kiran sunansa. An shiga da akta da bos, an fito sun yi musanya. Ga shi bai canza hali ko kaɗan ba, bai fara murmushi ko gaisawa da yara ba. Jama'a ne suka canza irin mutumin da suke so su mara wa baya, kuma a kan wannan canji aka gina zamanin gaba ɗaya.

Ina The Rock a wannan dare? Yana nan, amma da suna Rocky Maivia, haɗin sunan mahaifinsa Rocky Johnson da kakansa Peter Maivia. Wata huɗu ke nan da fara wasansa a Survivor Series na Nuwamban 1996, yaro mai fara'a da ado mai tuntaye, an ɗora masa kambun Intercontinental tun bai nuna ba. Jama'a suka ƙi shi ƙiri-ƙiri, har suna rera cewa ya mutu. Sai a Agustan 1997, da ya shiga ƙungiyar Nation of Domination ya fara zagin masu kallo, aka gano yaron yana da baki.

A wannan watan ne Austin ya gamu da tsautsayin da ya kusa kashe masa sana'a. A SummerSlam, Owen Hart ya kifa shi ya sauke shi a kan kansa, wuyansa ya taɓu, ya kwanta na ɗan lokaci gaɓoɓinsa ba sa amsawa. Da ƙyar ya rarrafa ya kammala wasan. Abin mamaki, wannan rauni ya ƙara masa. Tunda likita ya hana shi kokawa, kamfani kuma ba zai iya ɓoye mutumin da ake saye tikiti dominsa ba, sai aka mayar da labarin ya zama na ma'aikacin da shugabanni ke hana shi aiki, shi kuwa yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana buga musu Stunner. Ranar 22 ga Satumban 1997, a Madison Square Garden, layi ya zo kan McMahon kansa, wanda har lokacin yawancin masu kallo suka sani a matsayin mai sharhi kawai. 'Yan sanda suka fita da Austin da ankwa, filin kamar zai tsage.

Nan ne ya kamata a kawo mutum na uku, wanda ku biyun kuka manta da shi. Idan akwai wanda zai yi wa Austin takara ta gaske a wannan tambaya, McMahon ne. Bayan abin da ya faru a Montreal a Nuwamban 1997, inda ya sa aka buga ƙararrawa aka ƙwace kambu daga Bret Hart ba tare da Hart ya sallama ba, jama'a sun tsane shi tsana ta gaske. Maimakon ya ɓuya, sai ya mayar da tsanar jari, ya fito a matsayin mugun mai kamfani. Ba'amurken da ya wuni yana haɗiye wulaƙancin maigidansa a wurin aiki, ya dawo gida daren Litinin ya ga wani mai sanƙo da baƙin wando yana yi wa nasa maigidan abin da shi ba zai iya ba. Austin ya shigo fili da motar gyaran ƙanƙara ya yi tsalle ya faɗa wa McMahon. Ya bi shi asibiti da kayan likita ya kwaɗa masa tasar fitsari a ka. Ya cika masa motarsa Corvette da kankare har gilasai suka farfashe. Ya zo da tankar giya ya yi musu wanka da mesa, shi da ɗansa Shane da The Rock. Ba na cewa duk abin da aka nuna a zamanin abin yabo ne, akwai batsa da rashin kunya da ba zan zaunar da yaro ya kalla ba. Amma wannan rigima ita ce injin da ya ja komai. Dalilin da ya sa duk da haka na fifita Austin shi ne, jama'a sun riga sun zaɓe shi tun kafin a ƙirƙiro mugun McMahon. An ƙera bos ɗin ne daidai jikin aktan. McMahon ya yi rigima da mutane da yawa bayan haka, babu wadda ta kama ƙafar wannan.

Yanzu ka dubi lokacin da kaya suka juya. A Janairun 1998 Austin ya ci Royal Rumble, washegari ya tsaya gaban Mike Tyson, wanda aka dakatar daga dambe saboda cizon kunnen Evander Holyfield, ya yi masa daƙuwa irin tasu, aka kaure da ture-ture, kafafen labarai da ba ruwansu da resilin suka ɗauka. Ranar 29 ga Maris ya doke Shawn Michaels a WrestleMania 14 a Boston ya ɗauki babban kambu. Gidajen da suka saya sun haura 700,000, kusan ninki uku na bara. A ba Tyson nasa kason a wannan, ba a musu. Sai dai Tyson ya karɓi kuɗinsa ya tafi, masu kallo kuwa ba su tafi ba. Ranar 13 ga Afrilu aka sanar cewa Austin zai kara da McMahon da hannu ɗaya a ɗaure a baya. Wasan ma bai yiwu ba, Mick Foley ya shigo a rigar Dude Love ya ɓata shi, amma a daren ne Raw ya karya makonni 83 ɗin nan. The Rock a lokacin yana tsakiyar jeri, bai fi mako biyu da ture Faarooq daga shugabancin Nation ba. WCW ta ɗan sake yunƙurawa da Goldberg a bazarar, amma daga ƙarshen Oktoban 1998 ba ta sake yin nasara ba ko sau ɗaya. Shi kuwa Rock sai a watan Nuwamba ya fara ɗaukar babban kambu, a Survivor Series. Wato an gama yaƙin kafin ya hau. Shekarar kasuwancin da ta ƙare a Afrilun 1999 ta kawo wa kamfanin kimanin dala miliyan 250, a Oktoba kuma ya shiga kasuwar hannun jari.

Ka lura kuma da yadda Rock ya hau ɗin. An naɗa shi zakaran McMahon ne, ɗan gaban goshin kamfani, don a samu wanda Austin zai bi ya ƙwace wa kambu a WrestleMania 15, haka kuwa aka yi. Ko daren 4 ga Janairun 1999 da ake yawan tunawa, wanda mai sharhin WCW Tony Schiavone ya tona cewa Mankind, wato Mick Foley a wata rigar, zai ci kambu a Raw don ya kashe wa mutane sha'awa, sai suka canza tasha suka koma kallon, ka sake kallonsa ka saurari inda ihu ya fi ƙarfi. Lokacin da aka ji ƙarar fashewar gilashi ne, wadda ke buɗe kiɗan shigowar Austin, ya shigo ya maka wa Rock kujera ya jawo Mankind ya ɗora a kansa.

To ga hujjar da na yi maka alkawari: shekarar 2000. A Nuwamban 1999 wuyan Austin ya ƙi, aka shirya labarin cewa mota ta buge shi, ya tafi aka yi masa tiyata, bai dawo sosai ba sai wajen Satumba. Da shi kaɗai ne ginshiƙi, da rufin ya rufta. Bai rufta ba. Kuɗi ma ƙaruwa suka yi, har shekarar da ta ƙare a Afrilun 2001 ta wuce dala miliyan 400. Rock ne a gaba duk wannan lokaci, shi da Triple H suna ta fafatawa. Shiri na biyu na kamfanin, SmackDown, da ya fara fita mako-mako a Agustan 1999, daga bakinsa aka ɗauko sunan. A Maris na 2000 ya jagoranci shirin barkwanci na Saturday Night Live, ya kai resilin gidajen da ba a taɓa kunna shi ba. Idan abokinka bai iya amsa wannan ba, ka ci shi.

Ni ga yadda nake amsa ta. Wanda ya share fili ya kafa kasuwa a inda babu kowa daban yake da wanda ya zo ya tarar tana ci ya ƙara mata rumfuna, ko da a hannun na biyun ta fi cika. A 2000 WCW tana mutuwa da kanta, tana tafka asarar miliyoyin daloli, 'yan wasanta suna gudu. Chris Jericho ya riga ya sauya sheƙa a 1999, Chris Benoit da Eddie Guerrero da abokansu suka biyo a Janairun 2000. Ga Kurt Angle ya taso, ga 'yan Hardy da 'yan Dudley da Edge da Christian suna karya tebura da tsani. Rock ya ja ayari ne cike da ƙarfafa. A 1998 in ka cire Austin da McMahon da Undertaker da Kane da Foley, sauran jerin da sauƙi. Sannan labarin da Rock ya taka a 2000, na mutumin jama'a da iyalin McMahon suka taru a kansa, ai rigar Austin ce aka ba shi aro, ta kuma yi masa kyau. Da WrestleMania na shekarar ya tashi ba armashi, Triple H ya fita da kambu, me aka yi a wasan Backlash bayan mako huɗu? An ɗauko Austin daga jinya na dare ɗaya ya zo da kujera ya share wa Rock hanya.

Akwai wuraren da Rock ya fi shi, kuma ba ƙanana ba ne. A baki babu mai kama shi, yana iya riƙe fili na minti ashirin ba a yi ko mari ba. Zaman da Mankind ya shirya masa na tuna tarihin rayuwarsa a Satumban 1999, surutu ne zalla, amma yana cikin sassan Raw da aka fi kallo. Mu da Turancinsu na Amurka yake wuce mu a guje a lokacin, rabin gwanintarsa ba ta iso mana ba, alhali Austin ko ka kashe sauti ka san me yake nufi. Rock ya iya zama akta ya iya zama bos, duka suna karɓarsa. Kuma yana faɗuwa ba ya raguwa, shi ya sa ya ɗaga mutane da yawa: Foley, Angle, Jericho, duk sun ci shi. Austin mai tsaron matsayinsa ne. A Yunin 2002 ya yi fushi ya bar kamfani saboda an ce ya faɗi a hannun Brock Lesnar a wani Raw ba tare da an tallata karawar ba. Bayan wata biyu Rock ya kwanta wa Lesnar ɗin a SummerSlam ya miƙa masa kambu. In tambayarku wa ya fi sauƙin aiki ko wa ya fi cikar baiwa ce, zan ba ka Rock ban yi dogon tunani ba.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Undertaker ya riga zamanin, ya kuma wuce shi, kuma karawarsa da Austin ta ƙarshen Yunin 1999 tana cikin mafi yawan masu kallo a tarihin Raw, amma ba a kansa aka gina gidan ba. Foley ya ba da jikinsa, faɗowarsa daga saman keji a 1998 ba mai manta ta. Shawn Michaels da ƙungiyarsa ta DX sun kawo rashin kunyar, sai bayansa ya ajiye shi daidai lokacin da abin ya fara. Triple H gwanin bos ne na 2000.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne yadda zamanin ya mutu. Ranar 1 ga Afrilun 2001, mako guda bayan McMahon ya saye WCW an rufe Nitro, aka yi WrestleMania 17 a Astrodome na Houston gaban mutum 67,925, gidaje wajen miliyan 1 suka saya. Austin da Rock ne a sama, karo na biyu. Can ƙarshen wasa McMahon ya sauko, ya miƙa wa Austin kujera, Austin ya yi ta jibgar Rock da ita har ya daina motsi, ya danne shi. Sannan ya miƙa wa McMahon hannu suka gaisa, suka buɗe gwangwani tare, mai sharhi Jim Ross yana ta kururuwa kamar an yi masa mutuwa. 'Yan Texas da ke filin ma tafi suka yi ta yi, don ba su yarda ɗansu ya zama bos ba. Na gida kuwa sai suka fara raguwa. Gaskiya ne abubuwa sun haɗu: babu sauran abokin hamayya, Rock ya tafi ɗaukar fim na wasu watanni, labarin mamayar 'yan WCW da aka yi a bazarar bai yi daɗi ba. Amma kamfanin ya jure rashin Austin na kusan shekara a 2000 saboda mutane sun san zai dawo yadda suka san shi. Ganin sa yana rungumar McMahon ne ba su jure ba. Shi kansa Austin, wanda shi ya nemi a yi juyin, ya sha faɗa daga baya cewa da zai koma daren, da ya fasa, ya buga wa McMahon Stunner a wurin.

Sun sake haɗuwa sau ɗaya a WrestleMania, na 19, a Seattle a Maris na 2003. Austin ya kwana a asibiti a jajibirin wasan, wuya da gwiwoyi sun gama ƙarewa, yana da shekara 38. Sai da Rock ya buga masa salon kayarwarsa na Rock Bottom sau uku kafin ya danne shi, nasararsa ta farko a kansa a wannan dandali bayan faɗuwa biyu. Austin bai sake yin wasa ba sai a 2022, da ya fito ya kara da Kevin Owens a Texas.